Kiɗan Biki da Naira Dubu 600 a Agege: Yadda Aka Raba Kuɗin da Inda Lissafi Ya Zame

Gidan da za mu ɗauka a matsayin misali na wani dillalin albasa ne da ke kasuwanci a kasuwar Mile 12 ta Legas, yana zaune da iyalinsa a Agege. Zai aurar da 'yarsa ga wani saurayi ɗan gidan mahauta, wanda shi da 'yan'uwansa ke sana'a a mayankar Oko-Oba. Bayan an cire kuɗin kayan ɗaki, na abinci da na hayar hol, abin da ya rage wa kiɗa da duk abin da ke rataye a jikin kiɗa naira dubu 600 ne. Uban ya damƙa kuɗin a hannun ƙaninsa, wato baffan amarya, ya ce ko sisi ba zai ƙara ba. Farashin da za a gani a nan na wannan cinikin ne, kasuwa kuwa kullum motsi take yi, don haka abin kamawa shi ne yadda aka yi rabon.

Tun kafin a nemi makaɗi ko ɗaya, buƙatu huɗu suka taru a kan kuɗin. Amarya da ƙawayenta suna son a ɗauko mawaƙin zamani daga Kano. Uwar amarya tana son kiɗan ƙwarya ranar yini, domin matan da ta shekara tana kai wa gudunmawa a bukukuwansu ranar za su zo su rama, kuma ba sa fitowa fili su taka sai da mai kiran sunansu. Dangin ango kalangu suke so, kuma wannan ba son zuciya ba ne: kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, ɗan mahauci ya yi aure ba a ji shi ba abin gori ne a cikin abokan sana'a. Shi kuwa uba da son ransa ne a tsaya a walima kawai. Sharaɗinsa biyu: a dakatar da kiɗa lokacin salla, kuma kowa ya watse kafin magariba.

Mawaƙin da ba a ɗauko ba

Ta hannun wani dillali aka sami mawaƙin Kano, aka ce naira dubu 350 zai karɓa. A kunne wannan ya shiga cikin kasafi, har da ragowar dubu 250. Baffa ya yi tambaya ɗaya da ta rushe maganar: mutum nawa za su zo, kuma wa zai ɗauki nauyinsu? Aka ce su shida ne: mawaƙin, mai fiyano, 'yan amshi biyu, mai kula da sauti da yaron da ke riƙe jaka. Mota, masauki da abinci duk a kan mai biki.

Tsakanin Kano da Legas tafiyar kusan kilomita dubu ce, ana kwana a hanya. A kuɗin motar da aka samu lokacin, dubu 40 kowane mutum, zuwa da komawar mutum shida ya kama dubu 480. Ɗaki uku na kwana biyu a matsakaicin otal, dubu 120. Abinci dubu 72. Idan aka haɗa da kuɗin mawaƙin an kai naira miliyan 1 da dubu 22, ba a yi maganar sifika ko janareta ba, ba a kuma lissafa cewa shi mawaƙin zai iya cewa jirgi zai hau ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kawo mawaƙi daga Arewa kan zarce kuɗin waƙarsa, sai dai idan ya riga yana da wani biki a Legas a makon, a raba kuɗin hanyar tsakanin gida biyu ko uku. Wannan ya cancanci a tambaya, domin wani lokaci ana dacewa. A nan ba a dace ba.

Abin da amarya ke so a gaskiya shi ne ta ji an rera sunanta da muryar da ƙawayenta suka sani. Sai aka koma ga waƙar situdiyo: mawaƙin ya zauna a Kano ya yi waƙar amarya da ango, ya turo ta waya, a kan dubu 80. Dabarar tana da kyau, amma tana da nata tarkon, kuma gidan ya faɗa cikinsa. Ƙawar amarya ce ta tura jerin sunaye ta saƙon murya, ba wani babba da ya duba. Da waƙar ta iso sai aka ji an yabi uwar amarya da dukkan 'yan ɗakinsu, babu sunan abokiyar zamanta, wadda ita ce uwargida. Ba yadda za a yi a saka wannan a gaban jama'a. Mawaƙin ya ce sai an sake shiga situdiyo, ya karɓi ƙarin dubu 15.

Jerin sunaye a rubuce ake tura shi, bisa tsarin girma: iyaye maza, uwargida kafin amaryar gida, kakanni, sannan ƙawaye. A sa wata dattijuwa daga kowane ɓangare ta saurara a karanta mata kafin a tura. A rubuta laƙabin da aka fi sanin mutum da shi, domin Hajiya Babba ba za ta gane da ita ake ba idan aka kira sunan yanka. A ce waƙar ta iso saura mako biyu, a kuma turo ta a matsayin fayil, ba a naɗe ta a saƙon murya ba, domin saƙon murya yana matse sauti, a waya ba a lura, amma a babbar sifika sai ta fito a dushe. A ajiye ta a filashi da kuma waya biyu.

Ciniki da makaɗan gida

Hausawa sun daɗe a Agege tun zamanin fataucin goro, kuma duk inda zango ya kafu makaɗa suna nan. Akwai masu kalangu a Agege, akwai mata masu ƙwarya, akwai masu DJ 'yan Arewa da suka san waƙoƙin da ake so, haka ma a Idi-Araba da Mile 12. Baffa bai bi ta dillali ba a wannan karon, domin dillali yana ɗora la'adarsa a kan farashi, kuma idan makaɗi ya saɓa alkawari ba shi za a kama ba. Ya tambayi gidaje biyu da suka yi biki kwanan nan, ya kuma je wani biki a unguwa ya tsaya daga baya ya saurara. Bidiyon minti ɗaya da ake turowa ba ya nuna ƙarfe nawa suka iso, ba ya nuna ko suna tsayar da kiɗa su yi ta roƙo, ba ya nuna yadda yaransu ke yi da kuɗin da ya zuba a ƙasa.

Da aka zauna da shugaban masu kalangu, amsar da ya fara bayarwa ita ce wadda kowa ya sani: "Haba Alhaji, ai tsakaninmu babu ciniki, abin da Allah ya hore." Magana ce ta ladabi, amma ita ce mafi tsada a harkar nan. Wanda ya karɓe ta a haka ya bar ƙofa a buɗe, ranar sallama duk abin da ya miƙa za a ce bai kai ba, kuma a gaban baƙi za a faɗa. Baffa ya ce, "Sarkin kiɗa, a dai faɗa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Aka tsaya a dubu 90, mutum huɗu: kalangu biyu, ɗan karɓi da maroƙi guda. An yi maganar maroƙin musamman, cewa shi kaɗai ne zai yi kirari, domin idan ba a ƙayyade ba sai a ga uku sun biyo tawaga, kowa da nasa bakin.

Da shugabar masu ƙwarya uwar amarya ce ta yi magana, baffa yana gefe da alƙalami. Su biyar ne: zabiya, masu kiɗa biyu, 'yan amshi biyu. Dubu 110. DJ da kayan sautinsa dubu 170, da sharaɗin zai ba da aron ƙaramar sifika mai caji ranar kamu. Janareta da mai dubu 60, domin hol ɗin mai sauƙin kuɗi ne, injinsa fanka da fitila kawai yake ɗauka. Motar ɗauko mata da ƙorensu da abincin dukkan makaɗa dubu 40. Da waƙar situdiyo ta dubu 80 an kai dubu 550, aka ajiye dubu 50 don abin da ka iya tasowa.

An zaɓi Lahadi don yini, kuma zaɓin ya yi daidai. Asabar ita ce ranar biki a Legas, Yarbawa da kowa da kowa ranar suke shagalinsu, hol da kayan sauti da janareta duk suna tashi. Haka nan wanda ya sa biki a watan Sha'aban, ko makonnin bayan sallar layya, ko Disamba, ya sani makaɗi zai iya karɓar biki biyu rana ɗaya ya turo yaronsa ɗaya daga ciki. Saboda haka aka rubuta sunan wanda zai zo da kansa a cikin yarjejeniya.

Biyan kuɗi kashi uku aka yi shi. Kashi ɗaya kafin alƙalami, kashi ɗaya idan an iso an kafa kaya an gwada, kashi na ƙarshe bayan an tashi. Wanda ya biya duka tun farko ba shi da abin riƙe makaɗi, wanda kuma ya ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, duk wanda ya zo da tayi mafi tsoka zai ƙwace masa rana. An rubuta komai a WhatsApp: rana, wuri, lokacin isowa, yawan mutane, kuɗi da yadda za a biya, kowane shugaba ya amsa da muryarsa cewa ya yarda, aka tura wa wani dattijon unguwa da kowa ke jin nauyinsa ya zama shaida.

Liƙi

A nan ne yawancin rigimar biki take, kuma a nan ne farashi mai sauƙi ke ɓoye sauran rabinsa. Makaɗin da ya yarda da kuɗi kaɗan ba sadaka ya yi ba, ya ƙiyasta abin da zai samu a fili ne. Shi ya sa kafin ya faɗi farashi yake tambayar 'yar gidan wa ce, su wa za su zo. Idan ya ji 'yan kasuwar Mile 12 da mahautan Oko-Oba ne, sai ya sassauta.

Ciniki iri uku ake yi. Ko dai a biya cikakken kuɗi, abin da aka liƙa wa makaɗi nasa, abin da aka liƙa wa amarya da uwarta na gida. Ko a ba da kuɗin mota kawai, duk abin da ya faɗi a fili na makaɗa. Ko kuma a tara duka a raba bisa kason da aka yanke. Na biyun shi ke jan mai ƙaramin ƙarfi, domin ba ya fitar da kuɗi daga aljihu, amma shi ne mafi asara ga gidan da ke da jama'a: gudunmawar da mata suka zo rama wa uwar amarya sai ta tafi a jakar zabiya. Yana da wata illar kuma. Idan liƙi bai zo yadda aka zata ba, makaɗin da ya dogara da shi zai fara yanke kiɗa, ya tsaya kan mutum ɗaya yana ta kirari har sai ya ji kunya ya fitar, daga nan a gangara habaici. Baƙon da aka yi wa habaici a bikinka kai zai riƙe, ba makaɗi ba.

Gidan nan ciniki na farko suka zaɓa. Matsalarsa ita ce kuɗin da ba a san mai shi ba: amarya tana rawa a gaban zabiya, wata ta zo ta zuba a tsakaninsu, na wa ne? Yaran makaɗa sun fi kowa saurin hannu, kuma abin da ya shiga jakarsu ba ya fitowa. Maganin shi ne kada kuɗi ya taɓa ƙasa.

Doka ma haka ta ce. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin biki, da taka ta, da rawa a kanta, har da sayar da sababbin takardun kuɗi irin yadda masu canji ke yi a ƙofar hol. Hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ne, ko tarar da ba ta gaza naira dubu 50 ba, ko duka biyun. Shekaru da yawa ba a damu da ita ba, amma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a Legas a kan wannan laifin har aka ɗaure wani. Shaidar kuwa bidiyon da 'yan biki ke ɗorawa da hannunsu ne a TikTok da Instagram.

Sai aka tanadi kwano biyu masu launi daban, ɗaya na gida a hannun ƙanwar uwar amarya, ɗaya na makaɗa a hannun yarinyarsu. Mai liƙi ta zaɓi inda za ta saka. Wannan ɓangaren ya yi aiki. Inda aka yi sakaci shi ne turawa ta banki. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane da yawa sun saba liƙi ta waya, kuma ba wanda ya tuna da wannan a wurin ciniki.

Sauti da wuta

Ana sa ran mutum 250 a hol mai rufin kwano. Kayan da aka yi yarjejeniya a kansu: sifika biyu masu inci 15 a kan sanda, ta ƙasa guda mai inci 18 don nauyin kiɗa, mikisa mai layi takwas, makirufo biyu marasa waya da uku masu waya. Wannan ya isa. Masu DJ suna son jera sifika shida don a ga girma, a ƙara kuɗi, alhali a hol mai rufin kwano yawan ƙara amsa-kuwwa kawai yake haifarwa, ba a jin sunan da zabiya ke kira, wanda kuwa don shi aka ɗauko ta.

Ƙwarya tana buƙatar makirufo kusa da ita, domin sautinta ba ya nisa a cikin hayaniya. Wadda ake kifawa a cikin ruwa tana fantsama, don haka a ɗaga makirufo a kan ƙaramar sanda, a kuma ɗauke duk wata mahaɗar wayar wuta daga ƙasa a wajen. Zabiya ta riƙe mara waya, 'yan amshi su raba ɗaya. Kalangu ba ya buƙatar komai a hol irin wannan, maroƙi kaɗai za a ba makirufo. Sifika ta kasance a gaban masu waƙa tana kallon jama'a. Idan mai makirufo ya shiga gabanta sai ta yi wannan kukan mai huda kunne. Batir na makirufo mara waya a sayi sababbi a ajiye wasu, ba a dogara da na jakar DJ.

Janareta mai ƙarfin kVA 5 ya ishi waɗannan kaya idan su kaɗai ke kansa. Yana shan kusan lita biyu a awa, don haka zaman awa shida a tanadi lita 15. Kada a bar masu abinci su jona firiza ko tukunyar ɗumama ruwa a layin, domin duk lokacin da firiza ta tashi wuta na faɗuwa, amfilifaya ta ɗauke ko ta ƙone, kuma DJ zai ce a biya shi. A ajiye injin a waje inda iska ke kaɗawa, da waya mai kauri ta mita 20 zuwa 30, saboda ƙara da kuma hayaƙinsa da ke kisa a rufaffen wuri. Ko da akwai wutar kamfanin rarraba lantarki na Ikeja Electric lokacin da aka fara, gara a zauna kan janareta daga farko har ƙarshe. Sauyawa a tsakiyar waƙa ita ke lalata kaya. Amfilifaya ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa.

Kamu kuwa a tsakar gida aka yi shi ranar Juma'a da yamma, da ƙaramar sifikar nan da waƙar situdiyo, ba a kashe ko kwabo ba. An so a kafa rumfa a layi, baffa ya hana. Gwamnatin Legas ba ta yarda a tare titi don biki ba, kuma hukumar kare muhalli ta jihar, wato LASEPA, ta ƙayyade ƙara a unguwannin zama a kan desibel (ma'aunin ƙara) 55 da rana, 45 da dare, abin da bai fi ƙarar hira ba sosai. A aikace ba hukuma ce ke fara zuwa ba, maƙwabci ne ke kai ƙara. Shi ya sa aka je aka gaida mai gidan haya da shugaban masu gidaje na layin tun saura kwana uku, aka kai musu goro da katin gayyata.

Ranar yini

An kama hol daga ƙarfe 12 zuwa 6. Abin da ba a tantance ba sai da aka zo shi ne awa shidan sun haɗa da kafa kaya da kwashe su. Tsarin da aka yi: DJ ya gama kafawa ƙarfe 1, a yi azahar a ci abinci, ƙwarya daga 2 zuwa la'asar, bayan salla amarya ta shigo da waƙarta, kalangu da dangin ango su rufe da minti 40, a fara kwashe kaya 5 da rabi.

Bikin ya faɗo a damina, aka wayi gari da ruwa. DJ daga wajen Mushin yake tahowa ta Agege Motor Road, ruwa ya kwanta a hanya, ga masu fitowa daga coci, bai iso ba sai 1 da kwata. Yaran unguwa suka tsaya a kan motar kayan sai an sallame su kafin a sauke. Sauti bai tashi ba sai bayan ƙarfe 2, ba a sami gwaji ba, aka shafe minti goma na farkon waƙar zabiya ana gyaran makirufo. Ba laifin hanya ba ne kaɗai. An zaɓi DJ mai nisa saboda ya fi na Agege sauƙi da dubu 20, kuma a Legas nisan mai kaya wani ɓangare ne na farashinsa. Wanda ya zama dole a ɗauko shi daga nesa, a ce ya kawo kayan tun daren Asabar a kulle a gidan biki.

Masu kalangu su kuma da wuri suka zo, ƙarfe 3, tare da abokan ango. Makaɗi ba ya zama da ganga a hammata yana kallon wani na karɓar kuɗi. Suka fara taɓawa a bakin ƙofa, abokan ango suka kewaye su, masu gangan Yarbawa da ke bin ƙofofin hol ranar biki su ma suka matso. Ƙarar ta shiga ciki ta danne ƙwarya, zabiya ta ajiye makirufo ta ce ba za ta yi gasa da maza ba. Sai da baffa ya fita ya sallami masu gangan, ya roƙi sarkin kiɗa ya dakata. Da lokacinsu ya yi kuma, fatar kalangu ɗaya ta saki saboda danshi, sautin ya mutu, aka kai ta wajen murhun masu girki aka gasa kafin ta dawo. Danshin Legas ba irin na Kano ba ne. A damina a tanadar wa masu fata busasshen wuri, a bar su su ɗumama kayansu daf da shiga.

Don a rage kuɗi ba a ɗauki mai gabatarwa ba, aka bar wa DJ. Shi kuwa bai san kowa ba, kuma ba shi da fuskar da zai ce wa Hajiya lokacinki ya cika. Da mata suka fara tambayar lambar asusu, yarinyar zabiya ta miƙa masa tasu, ya yi ta karantawa a makirufo. Duk wadda ta tura, da mai nufin zabiya da mai nufin amarya, wuri ɗaya kuɗin ya tafi, dubu 62. An tsaya la'asar kamar yadda uba ya ce, amma komai ya riga ya ja baya. Mahauta da suka shiga fili ba su ga dalilin fita bayan minti 40 ba, ga kiɗan sana'arsu ana yi, ga kirari. Aka tashi bakwai saura minti goma, ana ta sauri kafin kiran magariba, mai hol ya caji awa guda.

Lissafi

Ajiyar dubu 50 ga inda ta tafi: gyaran waƙa dubu 15, ƙarin awar hol dubu 25, yaran unguwa da masu gangan ƙofa dubu 8, ƙarin mai da batir dubu 6. Jimla dubu 54, baffa ya cika dubu 4 daga aljihunsa. A kasafin dubu 600 wannan ba faɗuwa ba ce, kuma ajiyar ce ta hana a koma wurin uba. Kashi ɗaya cikin goma shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a ware, a nan an ɗan gaza hakan.

Kuɗin asusun ya fi wuya. Zabiya ba ta yi musu ba, amma ta ce ita ba ta san na wa da na wa ba ne, kuma gaskiyarta. Washegari aka zauna a gaban dattijon da ya yi shaida, aka buɗe saƙonnin banki, aka bi sunayen masu turawa. Waɗanda aka tabbatar dangi ne da 'yan adashin uwar amarya, kuma sun nuna rasit, nasu ya kama dubu 38, ta mayar. Sauran dubu 24 aka bar mata. Kashin ƙarshe na kuɗinta da ke hannun baffa shi ya sa zaman ya yi sauƙi. Da an rubuta lambobin asusu biyu a kan kwali, ɗaya da sunan amarya ɗaya da sunan makaɗa, aka kafa kusa da kwanukan, da ba a yi zaman ba.

Babban kuskuren tsarin shi ne haɗa ƙungiyar makaɗa biyu, ta ƙwarya da ta kalangu, a zama ɗaya, a hol da ake biya da awa. Kalangu ba ya son sifika, ba ya son janareta, ba ya son rufi. Da an kai shi ƙofar gidan ango ranar Asabar bayan la'asar, lokacin da mahauta sun tashi daga mayanka, da sun yi awa biyu suna abinsu ba mai ƙirga musu minti, liƙinsu ya fi haka yawa, sarkin kiɗa ma zai iya sauka daga dubu 90. Yinin Lahadi ya zama na mata zalla, abin da ya fi kwanta wa uba a rai, zabiya ta sami filinta, dubu 25 ta mai hol ta zauna a aljihu. Makirufon gabatarwa kuwa a ba wata gwaggo mai baki wadda ta san kowa kuma ake jin maganarta, a rubuta mata jadawali a takarda, a sa yaro ɗaya kusa da ita da agogo yana nuna mata idan saura minti goma.